Matashin tafin ƙafa na kaurin jijiyar tsakanin yatsu: wanne ya cancanci saye, kuma ina ake manna shi

Masu wannan ciwon kusan bakinsu ɗaya ne in suna bayani. Sai su ce kamar tsakuwa ce ta shiga takalmi, ko safa ta naɗe a ƙarƙashin yatsu. A cire takalmin a kakkaɓe, babu komai a ciki. In aka ci gaba da tafiya sai tudun da ke ƙasan yatsu ya ɗau zafi kamar an ɗora garwashi, wani lokaci abin ya harba cikin yatsu biyu kamar jan wutar lantarki, daga baya yatsun su yi dindiris. Mai shi yakan nemi gefen hanya ya zauna, ya zare takalmi ya murza wurin, sai ya ji sauƙi. Wannan zare takalmi da murzawa babbar alama ce, likita ma yakan tambaye ta tun kafin ya taɓa ƙafar.

Likitoci suna kiran abin da kumburin jijiya na Morton, da sunan Thomas Morton, wani likitan tiyata na Filadelfiya a Amurka da ya yi bayaninsa a 1876, ko da yake Lewis Durlacher, mai kula da ƙafafun Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ya riga shi tun 1845. Ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya zama daji. A gaban tafin ƙafa akwai dogayen ƙasusuwa biyar jere, kowanne kansa yana ƙarewa a gindin yatsa. Wani ɗauri mai tauri ya haɗe kawunan nan wuri ɗaya, kuma ta ƙarƙashin ɗaurin jijiyar ji take wucewa kafin ta rabu biyu ta shiga yatsun da ke maƙwabtaka. In kawunan ƙasusuwa suna matse ta daga gefe, ɗaurin yana gugar ta daga sama, ƙasa tana danno ta, shekara da shekaru, sai naman da ya lulluɓe ta ya yi kanta ya yi kauri. Da ta yi kauri sai wurin ya ƙara yi mata kaɗan, matsin ya ƙaru.

Ya fi faruwa tsakanin yatsa na uku da na huɗu, in an fara ƙirga daga babban yatsa, sai tsakanin na biyu da na uku. Mata sun fi maza samunsa nesa ba kusa ba, musamman daga shekara 40 zuwa 60, kuma takalmi ne kan gaba a laifi: mai tsinin baki yana tattare ƙasusuwan, mai doguwar dunduniya yana tura nauyin jiki gaba ɗaya kan tudun yatsu, yana kuma lanƙwasa yatsun sama, abin da ke ɗame jijiyar a jikin ɗaurin. Duk abin da ke lanƙwasa yatsu haka yana iya tayar da ciwon, shi ya sa wasu sukan fi jin sa a dogon tsuguno ko lokacin da suka kafa yatsu a sujada. Doguwar tsayuwa a kan siminti, guje-guje, ƙiba, shimfiɗaɗɗen tafi da karkacewar babban yatsa duk suna ƙara wa wuta fetur.

Abin da za mu duba a nan ɗan ƙaramin matashi ne da ake sawa cikin takalmi. A jikin kwalinsa za a ga an rubuta metatarsal pad, kuma da wannan sunan ake tambayarsa a manyan kemis da shagunan intanet. Siffarsa kamar ɗigon ruwa ko rabin ƙwai, tsakiyarsa da tudu, gefensa ya siranta. Aikinsa ya tokare jikin dogayen ƙasusuwan daga ƙasa, a bayan kawunansu, don in an taka su ɗan buɗe kamar yadda ake ware yatsun hannu, jijiyar ta samu sarari, nauyi kuma ya ragu a kan kawunan. Ba ya narkar da kaurin da ya riga ya samu. Abin da yake yi shi ne rage matsi har jijiyar ta huce. A gaskiya waɗanda gyaran takalmi da matashi kaɗai ke wadatarwa ba su kai rabin masu ciwon ba, kuma galibinsu waɗanda suka fara da wuri ne. Duk da haka shi ne matakin farko, domin kuɗinsa kaɗan ne, haɗarinsa kaɗan ne, kuma ko an yi allura daga baya ana buƙatarsa.

Wanda muka fi yarda da shi shi ne na matsattsen ulu mai gam a baya, irin wanda kamfanin Hapad na Amurka ke yi. Ganinsa ba ya burge kowa, fari ne kamar guntun bargo. Amma ulu yana da taurin da zai iya ɗaga ƙashi, kuma cikin kwana kaɗan yana kwanciya daidai da siffar tafin mai shi. Yana shan gumi bai yi santsi ba. Ana iya rage masa tudu da almakashi, ko a ɓare ɓawo ɗaya daga samansa in ya yi yawa. Aibinsa biyu ne. Yana lotsewa, mai nauyi ko mai yawan tafiya zai sake shi bayan 'yan watanni. Ba ya kuma son ruwa, wanda ke zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin takalmi bayan alwala zai ga ya dunƙule ya fara wari, don haka sai a riƙa tsane ƙafa. In ba a samu na kamfani ba, ana sayar da irin wannan ulun a falle, mai kaurin milimita 5 ko 7. A yanko tsawon santimita 5, faɗin santimita 4 a gaba, a siranta bayansa, sannan a kwantar da almakashi a fere gefensa zagaye don kada kaifin gefen ya ci fata.

Na biyu shi ne na soso mai tauri da aka lulluɓe da fata, kamar Drop da T-Form na kamfanin Pedag na Jamus. Ya fi na ulu ƙarko da tsabta, ba ya ɗaukar wuri, kuma ya dace da sau-ciki na zuwa ofis da takalman mata marasa tudu. Yana zuwa da lamba-lamba daidai da girman takalmi, to a kula da lambar, domin wanda ya yi wa ƙafa girma yakan tokare har ƙarƙashin ƙashin babban yatsa da na ƙarami, maimakon na tsakiya uku da ake nufi. Ba ya yankuwa yadda ulu ke yankuwa, in tudunsa bai yi maka ba sai dai ka sayi wani. Shawararmu ita ce a fara da ulu har a gano wurin da ya dace da tudun da ƙafa ke iya ɗauka, sannan a koma na fata a manna a daidai wannan wurin.

Wanda ya cika kasuwa kuwa shi ne na roba mai laushi kamar alewa, mai zobe da ake rataya wa a yatsa, ko wanda aka ɗinka cikin wata 'yar riga da ake zura wa gaban ƙafa. Shi ya fi araha, shi ya fi sauƙin samu, kuma shi mutane suka fi dawowa suna cewa bai yi musu komai ba. Dalilin a fili yake. Zoben yana ajiye robar daidai ƙarƙashin kawunan ƙasusuwa, wato a kan wurin ciwon, inda ba a so. Laushinta ya yi yawa, da an taka sai ta baje ba ta ɗaga komai ba. Tana cinye sarari a gaban takalmi, sai matsin gefe ya ƙaru. A zafin bazara kuma gumi yana taruwa a ƙarƙashinta, ta riƙa zamewa, tsakanin yatsu ya jiƙe ya tsage. Irin wannan roba, da faffaɗan kushin ƙasan yatsu irin na Dr. Scholl's, suna da amfaninsu ga wanda kitsen tafinsa ya zaizaye saboda shekaru har yana jin ƙashi na taɓa ƙasa. Wannan wani ciwo ne daban. Ga mai kaurin jijiya, wanda za a iya ɗan lamunta a cikinsu shi ne mai riga wanda robarsa ke da tudu kuma ana iya ja da ita baya, saboda ana iya sa shi a cikin gida ba takalmi.

Sai cikakkiyar shimfiɗar takalmi mai haɗe da tudun, kamar Pinnacle Plus ta Powerstep. Tana da kyau ga wanda tafinsa ya shimfiɗe ko dunduniyarsa ke karkata ciki, domin tana tallafe tsakiyar tafi da dunduniya gaba ɗaya, kuma ana iya ɗauke ta daga wannan takalmi zuwa wancan. Sai dai tudunta a kafe yake wuri ɗaya, ƙafafun mutane kuwa ba tsawonsu ɗaya ba ko da lambar takalminsu ɗaya ce. In ya faɗo daidai, madalla. In ya faɗo gaba da rabin santimita, kuɗi mai yawa ya tafi. Tana kuma buƙatar kambas ko wani takalmi mai zurfi wanda ake iya cire shimfiɗarsa ta asali. A dage a gwada ta a tsaye kafin a biya.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke yin kuskure, wato wurin mannawa. A zauna, a ɗora ƙafar a kan gwiwa, a tura yatsun sama da hannu. Kawunan ƙasusuwan za su fito jere kamar duwatsun dara a tudun ƙasan yatsu. A shafa babban yatsan hannu daga kansu zuwa wajen dunduniya, za a ji inda tudun ya ƙare wani ɗan kwari ya fara. Wannan kwarin shi ne gidan matashin. A shafa jan baki ko kwalli da ɗan mai a kan kawunan na biyu, na uku da na huɗu, a zura ƙafa a takalmi ba safa, a miƙe tsaye a yi taku huɗu ko biyar. In an cire za a ga tambarin a kan shimfiɗar takalmin. Bakin matashin na gaba, wato ɓangaren da ya fi faɗi, zai tsaya ne a bayan tambarin, yadda ƙololuwar tudunsa za ta kasance kimanin santimita ɗaya a bayansa. Siririn ɓangaren ya kalli dunduniya. Ga mai ciwo tsakanin na uku da na huɗu, a ɗan gusar da shi wajen ƙaramin yatsa kaɗan daga tsakiyar takalmin.

Kada a ɓare takardar gam duka a karon farko. A riƙe shi da salatif, ko a ɓare ɗan gefe kawai, a yi yawo a tsakar gida na minti goma. Abin da ya kamata a ji shi ne wani tudu a tsakiyar tafi, baƙo amma ba mai zafi ba, sannan yatsu su ji kamar an sassauta musu. In zafin ya ƙaru, kusan kullum matashin ya yi gaba da yawa, a ja shi baya da milimita 3 zuwa 5 a sake gwadawa. In an ji yana tokarin tsakiyar tafi can baya kuma ciwon yana nan yadda yake, ya yi baya, a matso da shi. Sai an samu wurin sannan a zagaye shi da biro, a goge ƙura da gumi daga shimfiɗar, a manna gaba ɗaya, a bar shi ya kwana kafin a taka. Ranar farko awa ɗaya ko biyu ta isa, a riƙa ƙara awa ɗaya kullum. Wanda ya sa shi tun safe har dare a ranar farko zai kwana da ciwon tafi, ya jefar da shi, ya ce ba ya aiki.

Duk wannan aikin banza ne in takalmin ya matse. Matashi yana son ware ƙasusuwa, takalmi mai tsinin baki yana hana su, jijiya ce ke shan wahala a tsakani. Gwajin mai sauƙi ne: a zaro shimfiɗar takalmin a ajiye a ƙasa a tsaya a kanta, in gefen ƙafa ya zubo waje, takalmin ya yi kaɗan komai lambarsa. In shimfiɗar ba ta ciruwa, a tsaya a kan takarda a zana ƙafa, a ɗora takalmin a kan zanen. A sayi takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sararin faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsa mafi tsawo, dunduniya kada ta wuce santimita 3, ƙasansa kuma ya zama mai kauri da ba ya naɗewa kamar tabarma. Mai igiya ya fi, sai a sassauta ramukan ƙasa a ɗaure na sama. A gwanjo, irin na Ƙofar Wambai a Kano, ana samun kambas masu faɗin gaba da kuɗi kaɗan, amma a duba ƙasansu kada ya zama ya ci gefe ɗaya.

Mu da yawancin rayuwarmu a buɗaɗɗen takalmi take muna da sa'a ta wani gefen, tunda yatsu suna sakewa. Amma silifa ɗan soso siriri ba ya kare tafi daga taurin ƙasa, kuma yatsu suna ƙanƙamewa don riƙe shi. Buɗaɗɗen takalmi mai kaurin ƙasa da maɗauri a baya shi ne daidai. Matsalar ita ce gam ɗin matashi ba ya jure ƙura da rana a fili. Maganinta yana wurin baduku ko mai gyaran takalmi: bayan an tabbatar da wurin da salatif an zana shi, sai ya ɗaga fatar saman, ya manna matashin a ƙarƙashinta da gam ɗinsu mai ƙarfi, ya mayar ya ɗinke. A tsaya a kansa yana yi, domin in ya ga dama zai gusar da shi zuwa inda yake ganin ya fi kyau.

Kafin a kashe kuɗi, ya kamata a tabbatar ciwon shi ne. Likita yakan danna tsakanin ƙasusuwan da yatsu biyu, sama da ƙasa, sannan ya matse gaban ƙafar daga gefe da ɗaya hannun. In kaurin na nan, sau da yawa akan ji wani ɗan ƙas haɗe da zafin da mai ciwon ya sani, alamar da ke ɗauke da sunan Mulder, likitan Holan da ya bayyana ta a 1951. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, amfaninsa ya kawar da zargin tsagewar ƙashi ko lalacewar gaɓa. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, a hannun wanda ya ƙware yana nuna kaurin har a auna shi, kuma ya fi babban hoton maganaɗisu araha. Akwai mutane da yawa da hoto zai nuna musu kauri alhali ba sa jin komai, saboda haka abin da hannun likita ya gano ya fi hoton nauyi. In zafin yana daidai gindin yatsa na biyu, da kumburi, yatsan kuma ya fara ɗagawa ko karkata, an fi zargin yagewar tantanin ƙasan gaɓa. In ƙafa biyu ne ke zafi da dindiris gaba ɗaya kamar an sa safa, musamman da dare, a gwada suga. In akwai farin tabo a fata wanda ba a jin taɓawa a kansa, a je a duba kuturta, domin ita ma tana kaurara jijiya kuma maganinta kyauta ne. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai kada ya manna wa kansa komai mai tudu sai da ma'aikacin lafiya, saboda zai iya yin gyambo bai sani ba. Tsaga, ƙaho da ɗori ba su da abin da za su yi wa jijiyar da ke matse tsakanin ƙasusuwa, sai dai su bar rauni a tafi.

A ba matashi da faffaɗan takalmi wata biyu zuwa uku. A cikin lokacin ana iya murza ƙafa a kan gorar ruwa mai ƙanƙara minti 10 zuwa 15 da yamma, a kuma riƙa miƙe sha-raɓa a jikin bango, daƙiƙa 30 sau uku, safe da dare, domin ɗamewarta tana tura nauyi gaba. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi na 'yan kwanaki, amma ba na mai olsa ko ciwon ƙoda ba ne, kuma ba abin sha kullum ba ne.

In lokacin ya cika ba sauƙi, mataki na gaba allurar sitiroyid ce haɗe da maganin kashe zafi, wadda ake yi ta saman ƙafa tsakanin ƙasusuwan, kuma ta fi dacewa in ana kallon allurar a sikanin. Takan ba da sauƙi na watanni, wasu ya ɗore, wasu ya dawo. Tana da illolin da ya kamata a faɗa wa mai baƙar fata tun kafin a yi: wurin yana iya yin fari-fari ya daɗe bai koma ba. Tana iya zaizaye kitsen tafi in ta zubo inda ba a so, tana kuma ɗaga suga na wasu kwanaki, shi ya sa ba a cika wuce biyu ko uku a wuri ɗaya ba. Wannan ba allurar da za a yi a kemis ba ce. Akwai wuraren da ke yin allurar sinadarin alkohol, ko ƙona jijiyar da zafi ko da tsananin sanyi, amma hujjar ingancinsu ba ta kai ta tiyata ƙarfi ba.

Tiyatar iri biyu ce: ko a yanke ɗaurin da ke danne jijiyar a bar ta, ko a cire ɓangaren da ya yi kauri. Kimanin takwas cikin goma suna samun sauƙi mai gamsarwa. In an cire, tsakanin yatsun nan biyu zai zauna ba ji har abada, kuma a wasu kututturen jijiyar da aka yanke yakan sake yin ƙulli mai zafi wanda ya fi na farko wuyar magani. Aikin likitan ƙashi ne, irin waɗanda ake samu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa. A irin waɗannan asibitocin akwai kuma sashen gashin ƙashi da masu haɗa shimfiɗar takalmi daidai da ƙafar mutum. Wanda ya gwada matashi sau biyu ko uku bai gano wurin ba, ya ɗauki takalman da ya fi sawa, guda biyu ko uku, ya tafi da su can a auna masa a kan ƙafarsa.